Abin naɗa zaren fatsa da mai walda ya haɗa min a Kano, ga yadda na same shi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fatsa. Yau maganar abin naɗa zare zan yi, wanda wani mai walda ya haɗa min a nan Kano, don na yi amfani da shi iya yadda zan faɗi ra'ayina ba tare da na zalunci mutumin ba, kuma ba tare da na ruɗi wanda zai je ya kashe kuɗinsa ba. Aikin dai ya yi gaskiya, kuma duk mai ril fiye da ɗaya, wato ɗan injin nan mai hannu da ake ɗaurawa a jikin sandar fatsa yana tara zare, ina ba shi shawara ya sa a yi masa irinsa, amma fa akwai wuraren da sai ka tsaya a kansu da ƙafarka, in ba haka ba za a miƙo maka ƙarfe mai kyaun gani wanda zai riƙa ci maka zare kana kallo.

Mai fatsa da gora da ɗan nailon kamu biyar ba ruwansa da wannan magana, shi ya huta. Matsalar tamu ce mu da muke ɗura mita 150 ko 200 a kan ril. Yadda yawancinmu muke yi ai kowa ya sani, a zura biro ko fensir a ramin kwarkwaron zaren a ba yaro ya riƙe, ko mutum ya matse da yatsun ƙafa yana juya hannun ril, to wallahi a nan ake ɓata zare tun kafin ya taɓa ruwa, saboda hannun yaro ba ya riƙe matsi ɗaya, yanzu ya danne anjima ya gaji ya saki, sai ka samu wani layin ya zauna da ƙarfi wani kuma sako-sako. Ranar da ka je bakin ruwa ka yi jifa na farko sai zaren ya zubo a dunƙule ya sarƙe a zoben sanda, ko kuma kifi ya ja da ƙarfi zaren sama ya nutse cikin na ƙasa ya maƙale, kai kuma kana can kana zagin zaren kana cewa jabu aka sayar maka alhali naɗin ne bai yi ba.

Akwai na kamfani, ba wai babu ba. Berkley suna yi, Piscifun suna yi, KastKing ma haka, amma ni dai duk shagon kayan su da na shiga a nan ƙugiya da nailon da dalma da raga nake tararwa, wannan sai dai a yi oda daga waje, ka biya da dala ka biya kuɗin kawowa ka zauna jira. Shi ya sa na ce bari in gwada masu sana'ar hannunmu.

Shagon ɗan ƙarami ne, rumfar kwano ce a bakin titi inda suke ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, mai shi dattijo ne da yaransa. Abin da ya fara burge ni da shi, bai ce min "an gama Alhaji" tun kafin ya ji bayani ba kamar yadda wasu suke yi. Na kai masa ril ɗina guda biyu da kwarkwaron zare, ya goge hannunsa da tsumma ya karɓi ɗaya, irin wanda ake cewa sifinin, ya juya hannun a hankali yana kallo, ya sake juyawa, sannan ya ɗago ya ce "Alhaji wannan kan ai ba juyawa yake ba, gaba da baya kawai yake yi, wannan lanƙwasasshen ƙarfen ne yake zagaya shi yana ɗora zaren." Na ce haka ne Baba. Ya ɗauki ɗayan mai ganga ya juya ya ce "shi kuma wannan gangar ce da kanta take juyawa, to ai ba za su ci abinci iri ɗaya ba." Mutumin da bai taɓa riƙe sandar fatsa irin wannan ba a minti biyu ya gano abin da masu fatsa da yawa suke shekaru ba su lura da shi ba, kuma a kan wannan bambancin duk aikin ya tsaya.

Kayan ni na sayo da kaina a Ƙofar Ruwa, shi ya rubuta min a bayan kwali. Dogon ƙarfe mai zare irin wanda noti yake bi, na mili 8, notuna da wosha, noti mai kunne wanda ake ɗaurewa da hannu, sifirin guda ɗaya mai ɗan ƙarfi, sai boris guda biyu lamba 608, irin wanda ake sawa a tayar takalmin gudu na yara, raminsa mili 8 ne faɗinsa 22 shi ya sa ya zauna daidai a kan ƙarfen ba tare da an yi wani ƙari ba. Katakon ƙasa wani kafinta maƙwabcinsa ne ya yanko, kuma shi ya fiƙe wasu 'yan katakai guda biyu masu tsini da suke shiga ramin kwarkwaro ta kowane gefe su riƙe shi a tsakiya, wannan dabara ce mai kyau ƙwarai don ramin kwarkwaro ba girmansa ɗaya ba, kowane kamfani da nasa, amma da yake masu tsini ne ko ramin ƙarami ne ko babba suna kama shi ba ya rawa. Wajen ɗaura ril kuma gindin wata tsohuwar sandata da ta karye muka yanke ya ɗaure shi a ɗaya ƙarshen katakon, da zobe ɗaya daga jikin sandar a tsakiya inda zaren yake bi. Duk kuɗin kaya da na aiki bai kai kuɗin kwarkwaro ɗaya na saƙaƙƙen zaren fatsa mai kyau ba.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne matsi, kuma nan ne nake so in daɗe. Ya sa wata 'yar fata da ya karɓo wajen baduku ya yanka ta zagaye, tana jingine da katakon mai tsini, bayanta wosha, bayan wosha sifirin, sannan noti mai kunne. In ka ɗaure notin sifirin ya danna fatar, fatar ta riƙe kwarkwaron kaɗan, in ka sassauta ya sake. Ya ce min irin abin da yake jikin keken ɗinki ne, wanda tela yake murɗawa in ɗinki yana tattarewa. Da farko shi tiyub ɗin babur ya so ya sa, muka gwada sai muka ga roba tana kamawa tana saki tana kamawa tana saki, kwarkwaron yana tafiya da tsalle-tsalle, fata kuwa sulɓi take yi a hankali da nauyi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wannan nauyi ɗayan shi ne duk abin da nake nema. Da na gama naɗin farko na danna babban yatsa a kan zaren, tauri kamar ba zare ba, farce ba ya shiga, kuma layukan a jere suke ba tudu ba kwari.

Ga masu amfani da zaren saƙa, wanda ake cewa bired, wannan matsin ba ado ba ne dole ne. Nailon yana miƙewa sosai in an ja shi, shi ya sa yana ɗan yafe maka kuskure, bired kuwa kusan ba ya miƙewa sam, ga shi siriri ga santsi, in bai zauna da ƙarfi ba ranar da ka haɗu da babban kifi zai yanka cikin kansa ya maƙale. Wanda ya taɓa zuwa tafkin Kainji ta wajen Yawuri ya san abin da nake nufi, giwan ruwa ko tsage in suka ɗauki ƙugiya ba sa ba ka lokacin gyara komai, birkin ril ne kawai zai yi ta kuka, in zaren ya maƙale a wannan daƙiƙar to sai dai ka ji tas. Ko a Tiga da Challawa ma inda galibi tarwaɗa da karfasa muke samu, babbar tarwaɗa tana iya yi maka haka. Kuma don Allah kar a ɗaura bired kai tsaye a kan ril, santsinsa yana sa duk naɗin ya riƙa juyawa gaba ɗaya a kan ƙarfen kana ganin kamar birki ne ya lalace, a fara sa nailon layi kaɗan a ƙasa a ƙulla bired ɗin a jikinsa, ko a naɗa salatif na masu gyaran wuta zagaye ɗaya tukuna.

Sai maganar murɗewa, wadda ita ce Baba ya hango tun ranar farko. Ril mai ganga ba shi da matsala, kwarkwaro yana juyawa a kan ƙarfe ganga tana juyawa, zare ya taso daga saman wannan ya hau wancan a miƙe, shi ke nan. Sifinin kuwa duk zagaye ɗaya da lanƙwasasshen ƙarfen nan ya yi sai ya murɗa zaren sau ɗaya. Ku duba jikin ril ɗinku za ku ga an rubuta wani abu kamar 5.2:1, ma'anarsa in ka juya hannu sau ɗaya shi ya zagaya sau biyar da ɗan ɗori, to in ril ɗin yana ɗaukar kamar santimita 75 a juyi ɗaya, kafin ka ɗura mita 150 ka juya hannu sau 200, murɗi sama da dubu kenan ka zuba a cikin zaren in kwarkwaron a kan ƙarfe yake juyawa. Bired yana ɗan haƙuri da wannan, nailon ba ya yi, musamman mai kauri.

Abin da ya yi sai ya ƙara wani ɗan turke na biyu wanda kwarkwaron yake zama a kai fuskarsa tana kallon ril, ba ya juyawa, zaren yana warwarowa ta gefe zagaye-zagaye. A haka murɗin da yake fitowa daga kwarkwaro yana rage wanda ril yake sawa, in dai ka ajiye shi ta fuskar da ta dace. Yadda ake ganewa ba wuya, ka juya hannu kamar sau goma sha biyar ka tsaya ka sassauta zaren tsakanin zobe da kwarkwaro, in ya rataya a sake lafiya lau ka ci gaba, in ka ga ya nannaɗe kansa yana yin igiya to ka juya kwarkwaron ɗaya fuskar. Gaskiyar magana ba ya kashe murɗin duka, saboda faɗin kwarkwaro ya fi faɗin kan ril, zagayensu ba ya zuwa ɗaya, amma bambancin a bayyane yake. Na kamfani akwai waɗanda aka yi su yadda duk abin da yake riƙe da kwarkwaron yana juyawa tare da ril ɗin, wannan ya fi namu a nan wajen, ba zan ɓoye ba. Kuma a wannan turken na biyu fatar da sifirin ba sa aiki tunda kwarkwaron a tsaye yake, matsin sai dai ka yi da jiƙaƙƙen tsumma a hannunka kusa da zobe, a jiƙa shi fa, don busasshe yana ɗaukar zafi kuma zafi yana raunana nailon.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

Na ɗaya alkawari. Ranar da ya ce in zo ban samu ba, wadda ya sake sa min ma ban samu ba, kullum akwai ƙofar wani da ake jira ko babu wuta ko janareta ba mai. Na fahimci ƙaramin aiki ne kusa da ƙofar gida, kuma a ƙofar yake samun na cefane, amma da ya ce min sati biyu tun farko da na haƙura na zauna a gida. Wanda zai kai irin wannan aikin kar ya kai ana jibi zai tafi su.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, ƙarasa aiki. Yaronsa ne ya yi waldar ƙafafun da suke riƙe da dogon ƙarfen, ya bar ɗigon walda da kaifi a gefe ɗaya daidai inda zare yake iya gogawa in kwarkwaro ya kusa ƙarewa, aka shafe da baƙin fenti aka rufe. Ido ba ya gani, sai da na bi da yatsa na ji yana karta. A ƙofa ko taga wannan ba komai ba ne, amma zaren da kaurinsa bai wuce mili 0.30 ba ƙarzanewa ɗaya ta ishe shi, kuma ba a nan zai tsinke ba sai kifi yana jiki. Da na mayar na nuna masa bai yi musu ba, ya kira yaron ya ce "zo nan, sa hannunka a nan," yaron ya shafa ya ce "Oga ban lura ba," ya sa shi ya goge da magagari ya bi da sanfefa a gabana har ya yi sumul, bai karɓi ko sisi ba. Wannan na yaba masa. Amma shawarata kafin ka biya cikon kuɗi ka tafi da ɗan audugar kunne ko tsohuwar safa ka bi duk inda zare zai taɓa, har cikin zoben, duk inda ta kama to akwai kaifi.

Na uku notin mai kunne yana kwancewa da kansa. Kwarkwaro yana juyawa yana jan fatar, fatar tana jan wosha da sifirin, a hankali a hankali notin yana biyo su, sai ka ga ka fara da matsi mai kyau kafin ka kai rabi ya yi laushi, in kuma ka juya kwarkwaron ta ɗaya ɓangaren sai ya riƙa ɗaure kansa har hannun ril ya yi nauyi. Maganin ƙaramin abu ne, noti na biyu a bayansa a ɗaure su su ciji juna, tun da aka sa ban sake ganin ya motsa ba, sai dai yanzu duk sanda zan canza matsi sai na nemo sifana. Ya kamata a ce tun farko da shi aka haɗa.

Sauran ƙanana ne. Yana zamewa a kan tebur in matsin ya yi ƙarfi, na buga masa guntayen tiyub a ƙasa ya daina. Ƙafafun sun yi gajarta, kwarkwaron mita 150 zuwa 300 yana shiga ba matsala amma babban nan na mita 1000 da ake saya a raba yana taɓa katako, don haka wanda yake sayen babba ya tafi da shi shagon a auna a kansa. Yana da nauyi kuma, ba abin sawa a jaka ba ne, na gida ne.

Akwai wani ƙari da ya yi min wanda ban tambaya ba, kuma yanzu ina amfani da shi kusan kamar babban. Da na yi masa ƙorafin wahalar cire tsohon zare sai ya huda murfin gorar ruwa ya zura ƙusa mai zare ya ɗaure da noti ciki da waje, in ka ɗaura murfin a kan gorar ka kama ƙusar da injin huda sai gorar ta riƙa juyawa tana kwashe zaren daga ril cikin ɗan lokaci, ka kwance murfin ka ajiye don gaba. Wannan ya sa na daina jinkirin canza zare, kuma nailon abu ne da rana take cinyewa, irin ranar da muke sha a bakin dam daga Maris zuwa Mayu ba ta barinsa da ƙarfinsa, in ka ga ya yi fari-fari ya bushe yana riƙe da lanƙwasa to ya gama aiki. Abu na biyu tsohon zaren yana zama a dunƙule a jikin gora maimakon a watsar da shi a bakin ruwa, don wallahi abin yana ci min rai in ga nailon a yashe a gaɓa, ba ya ruɓewa, yana naɗe ƙafar tsuntsu da ta awaki da shanun da ake kawowa shan ruwa, har yaran masunta da suke yawo ba takalmi yana yanka su.

Wajen cikawa kuma abin ya taimaka min don in kwarkwaron yana kan dogon ƙarfen hannuna ɗaya a sake yake ina ganin kan ril sosai. A bar kamar mili 2 zuwa 3 tsakanin zare da bakin kan, in ya cika fal zai riƙa zubowa da kansa, in kuma ya yi ƙasa da yawa jifa ba ta nisa saboda zaren yana gogar baki. Adadin da kowane ril yake ɗauka a rubuce yake a jikin kan, kaurin zare da mitocinsa, a duba kafin a saya. In nailon ne ni nakan jiƙa kwarkwaron a ruwa mai ɗumi kaɗan kafin in ɗora, ba mai zafi ba, yana shan ruwa ya yi laushi ya kwanta da kyau.

Shin zan koma wajen mutumin, eh zan koma, har na tura masa abokan fatsa, amma kowa na ce ya tafi da ril ɗinsa da kwarkwaronsa a hannu kar ya tsaya kwatance da baki, ya ce fata yake so ba roba ba, noti biyu, ƙafafu masu tsayi, kuma a goge walda kafin fenti ba bayan fenti ba. Dogon ƙarfen da boris ɗin kuma ba sa son damina, nawa ya fara jan tsatsa a wajen zaren notin tun ruwan farko, yanzu ina shafa masa ɗan giris ina goge wanda ya yi yawa don kar ya taɓa fatar, in giris ya hau fatar matsin ya tafi sai an yanko wata.